Batir Mai Ruwa Ko Na Litiyam: Wanne Ne Mai Arahar Gaskiya?

Farantin sola da ake ɗorawa a kan rufi bai cika ba mai gida ciwon kai ba. Idan na kirki ne yakan kai shekara 25 yana aiki, masu ƙera shi ma sukan ba da tabbaci a rubuce cewa ko a ƙarshen waɗannan shekaru zai riƙa ba da kimanin kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa na farko. Inbata ita ma takan yi ƙarko, in dai tsawa ko mugun haɗi bai ƙona ta ba. Abin da ke mutuwa da wuri shi ne batir, kuma shi ke cin kaso mai tsoka a kuɗin haɗa sola. Rana na faɗuwa faranti ya gama nasa aikin. Fanka da fitila da firji da talabijin duk sun koma wuyan batir har gari ya waye. Saboda haka duk gardamar da ake yi kan ko sola tana mayar da kuɗinta, in aka bi ta a hankali, gardama ce kan shekarun da batir zai yi kafin ya kwanta.

Da can wannan magana ta injiniyoyi ce da masu hannu da shuni. Yanzu ta shigo majalisa da teburin mai shayi. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Janareta ya zama sai wane da wane. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga waɗanda ke rukunin Band A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kan kowane yunit. A Oktoban shekarar kuma aka lalata babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana nasu tun kafin nan, lokacin da Najeriya ta katse musu wuta bayan juyin mulkin Yulin 2023, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutarsu daga nan take zuwa. Ba a ma maganar mutanen da waya ba ta taɓa isa garinsu ba, waɗanda Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa sun kai miliyan 85 a Najeriya kaɗai. Duk waɗannan mutane, in sun je sayen sola, tambaya ɗaya mai shago zai yi musu: “Alhaji, mai ruwa za a sa maka ko litiyam?”

Batir mai ruwa tsoho ne. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma har yau asalinsa bai canza ba: faya-fayan dalma ne a jiƙe cikin ruwan asid. Irinsa ne a cikin mota, sai dai na sola an yi masa faya-fayai masu kauri don ya jure a riƙa jan wuta daga jikinsa tsawon dare. Dogon nan mai murafai a sama da ake kira tubula shi ya fi yawa a kasuwanninmu, sai kuma busasshe wanda aka rufe ruf, ba a ƙara masa ruwa. Na litiyam kuwa ɗan jiya ne. Kamfanin Sony ya fara sayar da shi a 1991, kuma a 2019 aka ba mutum uku da suka share masa hanya, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, kyautar Nobel. Wanda ake sakawa a gidaje yau galibi nau'in LFP ne, wanda ya sha bamban da na cikin waya da kwamfuta.

Masu goyon bayan litiyam suna farawa ne da lissafi, kuma lissafin nasu yana da ƙarfi. Sun ce ba a ƙirga ran batir da shekaru, ana ƙirga shi da yawan cikawa da juyewa. Duk daren da aka sha wutarsa, gari ya waye rana ta sake cika shi, an ci zagaye ɗaya daga cikin adadin da aka yanka masa. Batir mai ruwa yana da wata ƙa'ida da masu saye da yawa ba su sani ba: ba a son a sha fiye da rabin abin da ke cikinsa. In ana kwashe shi ƙarƙaf kowane dare, ransa zai gajarce ƙwarai. To, a ɗauki batura huɗu masu bolt 12 da amfiya 200 kowanne, irin haɗin da ake yi wa gida matsakaici. A takarda suna ɗauke da yunit 9.6 na wuta, amma abin da za a iya sha ba tare da cutar da su ba yunit 4.8 ne. Tubula mai kyau, in an kula da shi, yakan yi zagaye 1,200 zuwa 1,500. In muka ɗauki 1,200, duk wutar da waɗannan batura za su bayar a rayuwarsu ba ta kai yunit 6,000 ba, kuma shekara uku da 'yan watanni ke nan ga mai amfani da su kullum.

A ɗora wannan kusa da batir ɗin litiyam guda ɗaya mai yunit 5.12, wanda ake ratayewa a bango. Ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na abin da ke cikinsa kowane dare, wato yunit 4 da ɗoriya, kusan daidai da abin da waɗancan huɗun ke bayarwa. Kamfanoni sukan rubuta masa zagaye 6,000. Mu rage musu, mu ce 4,000. Wannan ya kai kusan shekara 11, wutar da zai bayar kuma ta haura yunit 16,000. Ke nan kafin litiyam ɗaya ya gaji, mai tubula ya sayi saiti uku, ya biya kuɗin mota da na mai haɗi sau uku. Ko da litiyam ya ninka tubula tsada a ranar saye, in aka raba kuɗin a kan yunit ɗin da kowanne ya bayar, tubula ne mai tsadar. Araha ba ta ado, in ji su.

Ba su tsaya nan ba. Sun ce waɗannan alƙaluma na tubula ma an auna su ne a ɗaki mai sanyin digiri 25. Sanannen abu ne ga masu wannan fanni cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana rage ran batir mai dalma da rabi. Wanda ya san Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu da Mayu ya san zafi yana haura digiri 40 a inuwa, balle a ɗan ƙaramin sito mai rufin kwano, ba taga, inda aka fi ajiye batura don kada yara su taɓa. Busasshen batir ya fi shan wuya a nan, don ruwan da zafi ya ƙafar masa ba hanyar mayar da shi. Shi ya sa za ka ji mutum yana rantsuwa cewa baturansa ba su cika shekara biyu ba suka daina riƙe caji, kuma bai yi ƙarya ba.

Akwai wata cuta kuma da ta fi zafi ɓarna, don ita a ɓoye take cin batir. Batir mai ruwa yana son a cika shi taf a kai a kai. In ya yi kwanaki yana rabi-rabi, wani gishiri yakan daskare a jikin faya-fayansa, ya toshe su, kuma in ya yi tauri ba ya narkewa. Mu kuwa muna da lokuta biyu a shekara da faranti ba ya samun rana sosai. Da hunturu hazo yakan tare ta, ƙura kuma ta lulluɓe gilashin. A watan Agusta marka takan kwana biyu uku ba ta ɗauke ba. A irin waɗannan makonni batir yakan shiga dare bai ƙoshi ba, a sake jan sa, gobe ma haka. Litiyam bai damu da wannan ba, zama rabi-rabi ma ya fi masa daɗi. Yana kuma ɗaukar caji da sauri, kuma daga cikin yunit 100 da aka zuba masa yakan mayar da kusan 95, alhali mai ruwa yakan tsaya tsakanin 80 da 85. Ba a ƙara wa litiyam ruwan batir, ba ya fitar da tururin asid mai cin ƙarfe da tsumma, ba ya kuma buƙatar ƙarti huɗu su ɗaga shi. Tubula ɗaya kan kai kilo 60.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce farashi yana gangarowa. Cibiyar BloombergNEF, wadda ke bin diddigin wannan kasuwa, ta nuna cewa matsakaicin farashin batir ɗin litiyam a duniya, wanda ya haura dala 1,000 kan kowane yunit a 2010, ya sauko zuwa dala 139 a 2023, sannan dala 115 a 2024. Masana'antun Sin da ke yi wa motocin lantarki batura su suka karya farashin. Dalma kuwa ba ta da inda za ta gangara, fasaharta ta riga ta tsufa.

Wanda ya ji wannan zai ɗauka magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, kuma waɗanda ke ɗaya ɓangaren ba jahilai ba ne. Cikinsu akwai tsofaffin masu haɗa sola da suka ga jiya suka ga yau.

Abu na farko da suke cewa shi ne, lissafin shekara 11 na mai kuɗi ne. Kowa ya san wanda ya sayi buhun masara a kaka ya fi mai awon mudu-mudu samun sauƙi, amma ba rashin sanin lissafi ke sa talaka awon mudu ba, abin da ke aljihunsa ke nan. Mai shagon cajin waya ko mai aski da ke son fitila biyu da fanka da injin aski zai iya farawa da tubula ɗaya da faranti biyu, ya ci gaba da neman abincinsa. In aka ce sai ya tara kuɗin litiyam, zai yi wata da watanni yana ƙona fetur. Ɗan kasuwa kuma yana da nasa lissafin da injiniya ba ya gani. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100, Babban Bankin ƙasa kuma ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa zuwa kashi 27.5. A irin wannan yanayi, kuɗin da aka kulle a bango na shekara goma kuɗi ne da aka cire daga jari, wanda da za a juya shi sau da yawa a shekara. Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari zai iya ce maka ribar da bambancin kuɗin zai kawo masa cikin shekara uku ta isa ta saya masa sabbin tubula har da canji. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi a wurina, ita ce ta amana. Batir ɗin litiyam akwati ne a rufe. Mai saye ba ya ganin ƙwayoyin da ke ciki. Akwai na kirki daga kamfanoni sanannu, akwai kuma waɗanda aka harhaɗa da ƙwayoyin da masana'anta ta ware don ba su kai mizani ba, ko waɗanda aka ciro daga tsofaffin na'urori, aka yi musu sabon fenti da tambari mai sheƙi. Akwai wanda aka rubuta masa amfiya 200 alhali abin da ke ciki bai kai ba. Sannan cikin kowane litiyam akwai ɗan allon lantarki mai kula da caji, wanda masu sana'ar ke kira BMS. In ya lalace, batir ɗin ya mutu ke nan ko da ƙwayoyinsa lafiya lau suke. A Kano ko Kaduna a iya samun mai gyara. A ƙauyen da ke da nisan awa uku daga birni fa? Batir mai ruwa kuwa kowane bakaniken lantarkin mota ya san shi. Zai buɗe murfi, ya auna ruwan, ya gaya maka wane gida ne a cikin batir ɗin ya mutu. In ɗaya cikin huɗu ya lalace, wani lokaci ana iya lallaɓawa da biyu kafin a samu kuɗi. In litiyam guda ɗaya tilo ya ƙi tashi, gidan gaba ɗaya ya shiga duhu.

Suna kuma tambaya: wa ya taɓa ganin litiyam ɗin da ya shekara 15 a zafin Arewa? Bai daɗe da yawaita a kasuwarmu ba. Zagaye 6,000 ɗin nan shi ma a ɗakin gwaji mai sanyi aka ƙirga shi. Zafi yana tsufar da litiyam ko ana amfani da shi ko ba a yi, musamman in yana zaune cike taf. Garantin shekara biyar ko goma da aka buga a kwali kuma ba ya da amfani in mai shagon ya tashi, ko wanda ya shigo da kayan ya koma sayar da wani tambarin. Ga kuma kuɗin da ba a faɗa da farko: tsohuwar inbata da aka ƙera don batir mai ruwa wani lokaci ba ta iya yi wa litiyam cajin da ya dace, sai an canza ta. Wasu kuma suna tsoron gobara. A nan dai ya kamata a yi adalci. Nau'in LFP ya fi na waya da na wasu baburan lantarki wuyar kamawa da wuta nesa ba kusa ba, kuma batir mai ruwa shi ma yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, wadda kan iya fashewa a ɗakin da ba iska. Yawancin gobarar sola daga siririyar waya da sakakken haɗi take tashi.

Sai hujjar da suke ajiyewa ƙarshe: mataccen tubula kuɗi ne. 'Yan gwangwan suna sayensa da kilo, masu sayar da batura ma sukan karɓi tsoho su rage maka kuɗin sabo. Mataccen litiyam kuwa ba mai tayawa.

Wannan hujja gaskiya ce, amma ita ce wadda na fi jin tsoro. Dalma tana da daraja don ana narkar da ita a sake sabon batir, kuma a Amurka kusan kashi 99 cikin 100 na irin waɗannan batura ana sake sarrafa su a masana'antu masu tsari. A wurinmu sau da yawa gatari ake sa wa batir a fasa shi, a tuttular da asid a ƙasa, a narka dalmar a fili, ƙurarta ta bi iska ta sauka a tsakar gida da kwanon abinci. Mu ba baƙin gubar dalma ba ne. A 2010 yara kimanin 400 suka mutu a ƙauyukan Zamfara saboda dalmar da ke cikin duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Waccan daga ma'adinai ta fito, amma gubar ɗaya ce. Wadda ta fito daga batura kai tsaye ita ce ta unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a Senegal, inda yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda fasa tsofaffin batura a unguwar. Yaron da bai mutu ba ma, dalma takan taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada. Rahoton da UNICEF da ƙungiyar Pure Earth suka fitar a 2020 ya ce kusan yaro ɗaya cikin uku a duniya yana da dalma a jini fiye da ƙima, kuma ya sa fasa batura ba bisa ƙa'ida ba cikin manyan dalilai. Don haka kuɗin da mai gida ya karɓa a hannun ɗan gwangwan, wani ne zai biya sauran da lafiyar ɗansa. Wanda ke zubar da saiti uku a shekara goma ya ninka wannan nauyi sau uku.

Litiyam ma bai kuɓuta ba. Ba shi da dalma, amma sake sarrafa shi yana da wuya, kuma nau'in LFP ba shi da ƙarafa masu tsada da za su ja hankalin masu narkarwa. Nan da 'yan shekaru za mu fara ganin matattunsa a bola, ba mu kuwa shirya musu wuri ba. Abin ban takaici ma, ma'adinin nan a ƙasarmu ake haƙo wani ɓangarensa. A 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa dutsen litiyam a jihar Nasarawa, amma batir ɗin da muke ratayewa a bango galibi daga waje yake zuwa, da dala ake biyansa.

Akwai abin da ɓangarorin biyu ke yawan tsallakewa, don bai yi wa mai sayarwa daɗi ba, bai kuma yi wa mai saye daɗi ba. Batura da yawa ba ajalinsu ke kashe su ba, masu su ke kashe su. Mutum zai sayi batura huɗu, ya tsuke hannu a wajen faranti, ya sa biyu ko uku. Baturan da ke buƙatar yunit 5 ko 6 kowace rana su cika ba za su taɓa ƙoshi ba, balle kuma da rana ma ana jan wuta. Ana gama haɗawa kuma sai kaya su ƙaru: uwargida ta jona dutsen guga, yara su jona hita, a kawo firiza ta biyu. Wani ya zuba wa tubula ruwan rijiya maimakon tataccen ruwan batir. Wani ya haɗa sabo da tsoho, tsohon ya janyo sabon ƙasa. Wani kuma batir ɗin mota ya saya don ya fi araha, alhali shi an yi shi ne don ya tayar da inji cikin daƙiƙa kaɗan, faya-fayansa sirara ne, ba ya jure aikin dare. In abin ya mutu sai a ce sola yaudara ce. Fifikon litiyam a nan shi ne allon nan na cikinsa yana kashe wuta da kansa in an so a wuce iyaka, wato yana kare kansa daga mai shi. Tubula ba ya da bakin cewa a'a. Faranti kuwa ya yi araha sosai, kuma ƙarin faranti biyu da goge ƙura duk mako sukan ƙara wa batir mai ruwa rai fiye da tambarin da ke jikinsa.

Wasu ma na ganin tambayar tun farko ba a yi ta daidai ba, sun ce a fara da tambayar ko aikin yana buƙatar batir. Rijiyar burtsatse mai sola ba ta buƙata: famfo ya tura ruwa tanki da rana, da dare a buɗe a ɗiba. Manoman rani da ke ban ruwa da injin sola su ma da rana suke aikinsu. Na'urorin firji na ajiye allurar rigakafi na zamani da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su suna haɗa ƙanƙara a jikinsu da rana, ita ke riƙe sanyi da dare, an kuwa koma gare su ne saboda mutuwar batura ta sha lalata na da. A gida ma haka ne. In aka yi guga da wanki da niƙa da tura ruwa tsakanin hantsi da la'asar, aka bar firiza ta daskare da rana aka kashe ta da dare, batir ɗin da ake buƙata zai ragu sosai. Wannan ra'ayi bai warware gardamar ba, don fanka a daren bazara ba ta jiran rana, amma yana rage kuɗin da ake gardama a kai.

Inda abin ya fi ciwo shi ne ayyukan jama'a. Kowa ya ga fitilun sola na kan titi da aka kafa da biki, bayan shekara biyu suka zama sanduna. Haka asibitocin karkara da makarantu: faranti na nan lafiya a kan rufi, ɗakin haihuwa kuma da tocilan ake aiki. An ware kuɗin kafawa, ba a ware na canza batir ba. Yanzu da manyan kuɗi ke shigowa wannan fanni, irin dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da su a Disambar 2023 don shirin DARES da Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara ke gudanarwa, ya kamata kowace al'umma da aka kawo wa aiki ta tambaya tun ranar farko: wane irin batir aka sa, shekara nawa aka yi alkawari, wa zai canza shi, da kuɗin wa? A aikin gwamnati ban ga uzurin sa batir mai ruwa ba, domin hujjar ƙarancin jari ba ta hau kanta ba, kuma ba wanda zai riƙa zagayawa ƙauyuka yana ƙara ruwa duk wata.

Ga mai gida da mai shago kuwa, ga inda na tsaya. Duk wanda zai riƙa jan wuta mai yawa kowane dare, shekara da shekaru, litiyam na kirki ya fi masa araha, kuma zafin ƙasarmu da hazonta suna ƙara wa wannan hukunci ƙarfi. Hujjar jari gaskiya ce, amma maganinta hanyar biya ce: adashi, ko tsarin murabaha na bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, ko kamfanonin da ke ba da kaya a riƙa biya kaɗan-kaɗan. Hujjar amana ita ce ba ta da magani mai sauƙi, kuma saboda ita nake cewa tubula na gaske daga dila sananne ya fi litiyam ɗin da ba a san asalinsa ba, komai kyan kwalinsa. Wanda wutar NEPA ke zuwa masa sosai, batir na jiran ko-ta-kwana kawai yake so, da wanda buƙatarsa ba ta wuce fitila da cajin waya da fanka ɗaya ba, tubula ya ishe su, in za su ajiye shi inda iska ke shiga, su duba ruwansa, su bar shi ya riƙa cika.

Mai karatu, in ka je saye, kada ka tsaya a “nawa ne?” Ka tambayi yunit nawa zai ba ka kowane dare, zagaye nawa aka yi masa alkawari, kuma wa zai karɓe shi in ya lalace. Ka sa a auna maka ƙarfinsa, a rubuta garanti a rasit da sunan shago da lambar batir ɗin. In tsohon tubularka ya mutu, ka mayar wa dilan da zai kai shi masana'anta, kada ka bari a fasa shi a unguwa inda yara ke wasa.